Tayar Laka a Kan Kwalta

Tun motar ba ta shawo kwanar layi ba ake sanin ta taho. Kuma ba injin ne ke tona mata asiri ba, tayoyin ne. Ƙaramar jif ce mai ƙofa biyu, tsohuwa tukuf, fentinta ya koɗe har ba mai iya rantsuwa a kan launinta na asali. Tayoyin laka ne a ƙafarta, irin masu manyan haƙoran nan da aka yi domin taɓo da kwazazzabai. In aka ɗora su a kwalta sai su kama wani gurnani mai hawa da sauka, wanda mutum zai ji shi a kujera da tafin ƙafa tun kafin ya kai kunnensa. Maƙwabta sun yi ƙorafi har bakinsu ya gaji.

Motar Baba ce, amma Auta ke tuƙa ta yanzu. Baba ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana direban masu haƙa rijiyar burtsatse. Shi ke shiga gaba da injiniya a wannan 'yar jif ɗin su duba wuri kafin babbar mota ta biyo baya. Da kamfanin ya durƙushe, ita aka miƙa masa a matsayin sallama. A kanta Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ta koyi tuƙi, ana jera mata matasan kai a kujera don ta hango hanya. Yanzu ta zama babbar mace, tana aiki a kantin magani, aure ya ƙi, ta dawo gida. Mahaifiyarsu ta daɗe da rasuwa, saboda haka jinyar Baba a wuyanta ta sauka, ba tare da an yi wani zaman shawara ba.

Ciwon mantuwa ne ya kama shi, kuma bai yi masa kamun wasa ba. A cikin gida bai san Auta ba ko kaɗan. Baiwar Allah yake ce mata. In ta kawo shayi sai ya yi godiya mai tsawo, irin ta baƙo, ya tambaye ta yaushe masu gidan za su dawo. Takalmansa a ƙarƙashin matashi yake ɓoye su saboda ita. Akwai wata mata mai ɗinki a gidan da ke jikin nasu, ita ke zama da shi da rana, ita ma baiwar Allah ce. Wannan abu yana ci wa Auta rai fiye da wankin zanen gado da sauran wahalhalun da ba a faɗa a gaban mutane.

Amma akwai motar. In ta taso daga aiki da yamma sai ta sa masa hula, ta lallaɓa shi ya hau, ta ɗaura masa bel. A cikin layi ba abin da ke faruwa, yana zaune kamar an ajiye buhu. Sai sun wuce shataletale sun hau babban titin bayan gari, mota ta ɗauki gudu, tayoyin sun kama kukansu. Nan za ka ga tsoho ya gyara zama. Ya ɗora gwiwar hannu a taga, ya karkata kai yana saurare, can sai ya juyo.

"Auta, sa ta huɗu mana. So kike ki kashe min giya?"

Haka kawai, da sunanta da komai. Daga nan har masana'antar siminti inda suke juyowa, Baba ne sak. Ya yi mata faɗan riƙon sitiyari, ya tambaye ta ko mai kantin nan har yanzu yana da rowa, ya ba ta labarin ranar da injiniya ya faɗa rami da takardunsa. Labarin ta ji shi ba adadi, kuma kullum dariya take yi tsakaninta da Allah. In sun dawo suka shigo layi, gudu ya ragu, kukan ya mutu, sai shi ma ya tafi. Kafin ta kashe mota ya koma yi mata godiyar rage hanya.

Da wannan 'yar tafiyar take rayuwa, ba ƙari a maganar. Ba ta ƙara sayen sabon zane ba, komai a mai yake tafiya.

To amma taya ba ta san tausayi ba. Haƙoran sun cinye, wasu sun suɗe ƙwal, wasu sun yi tudu da kwari, ta baya ɗaya har waya ta fara leƙowa. Auta tana gani, tana kau da kai. Ran nan aka yi ruwa, suna gangarowa gada ta taɓa birki, motar ta ƙi jin magana. Ta sulale, ta juya gaba ya koma baya, ta je ta daki dakalin gefen titi. Ba wanda ya ji ciwo. Baba ma dariya ya yi, ya ce ai ya sha gaya mata ba a taka birki a tsakiyar gangara. Ita kuwa sai da ta daɗe a zaune kafin ta sake tayar da motar.

Mai ɗinki ce ta kai wa Yaya labari. Yaya shi ne babba, ma'aikacin ofis ne a wani gari, mutum mai tsari wanda ko ƙusa zai saya sai ya yi bincike. Ba mugu ba ne, kada a ɗauki alhakinsa. Shi ke aiko da na magani ba fashi. Sai dai maganar motar nan ba ya son ta, kuma Auta ta san dalili. Akwai zuwan da ya yi ta matsa masa ya bi su ya gani da idonsa. Ya naɗe dogayen ƙafafunsa a kujerar baya. Baba ya farka kamar kullum, ya kira sunan Auta, sannan ya waiga ya ce, "Wannan fasinjan fa, a ina zai sauka?" Tun ranar Yaya bai ƙara shiga motar ba.

Ƙarshen mako sai ga shi. Bai ko zauna ba ya zagaya motar, ya durƙusa ya shafa tayar baya, ya ɗago yana kallonta.

"Da wannan kike ɗaukar Baba?"

"A hankali nake tafiya, Yaya."

"Na ga a hankalin a jikin bamba. Ɗauko makulli."

Shagon tayar yana bakin titin masu kayan mota, dogo ne mai duhu, an jera tayoyi har rufi, warin sabuwar roba ya cika ko'ina. Mai taya wani ƙaton mutum ne da tabarau rataye a wuya da igiya. Ya leƙa motar, ya koma ciki ya gangaro da taya biyu, ya jingina su da kanta.

"Ga su nan, girmansu ɗaya," in ji shi. "Wannan ta laka ce, irin wadda ke ƙafarku. Wannan kuma ta ko'ina ce, tana shiga ƙasa, tana hawa kwalta. Ina kuke zuwa da motar? Gona?"

"Ba ta zuwa ko'ina," in ji Yaya. "Titin bayan gari ne kawai, ta je ta dawo."

"Ashe ma ba zance. Ku ɗauki ta ko'ina. Ta fi kama kwalta in an yi ruwa, ta fi ƙarko, ba ta shan mai, ga shiru. Ta laka a kwalta ai azabtar da kai ne, kamar mutum ya sa takalmin ruwa ya tafi ofis."

Yaya ya juyo da fuskar nan tasa ta na-gaya-miki. Auta ta sa hannu a kan ta lakar. Haƙoranta manya, masu kaifi, yatsanta yana shigewa tsakaninsu har gaɓa ta biyu.

"Wannan nake so."

"Auta, kin ji dai abin da ya ce."

"Na ji. Shirun ne ba na so."

Mai taya ya ɗaga tabarau ya dube ta da kyau. Shekarunsa a sana'a, ya ce, bai taɓa ganin wanda ya zo sayen ƙara ba. Ya yi dariya, ba wanda ya taya shi.

Yaya ya ja ta gefe, kusa da injin ba da iska, ya rage murya. Ya ce ta yi tunani. Ya ce ran nan Allah ne ya tsare, gobe fa? Ya ce likita ma bai tabbatar da wannan zance na ƙarar taya ba, wataƙila iskar hanya ce, wataƙila lokacin ne na yamma. Ya ce ita ce ta ƙulla abin a ranta. Duk maganarsa ba ƙarya a ciki, shi ya sa ta fi zafi.

Auta ba mai jayayya ba ce. Tun suna yara in Yaya ya ce hagu, hagu ake yi. Amma ranar sai ta ji bakinta ya buɗe da kansa.

"Yaya, kai kana zuwa ka tafi. Ni nake kwana da shi, ni nake tashi da shi, yana ɓoye min takalmi kamar ɓarauniya. Wuri ɗaya ya rage min da yake kiran sunana. In ka sa min waccan tayar ka kashe min uba, ni kaɗai, ku kuma naku yana nan yadda kuka saba ganinsa. Ban taɓa roƙonka komai ba."

Ya daɗe yana kallon ƙasa. Da ya ɗago, ba ita ya kalla ba, mai taya ya kalla.

"Sa mata ta lakar, duka huɗun." Sannan ya nuna ta da yatsa. "Amma da sharaɗi. Duk abin da ya lalace a ƙarƙashin motar nan yau za a gyara shi. Ba zan sa sabuwar taya a ruɓaɓɓiyar ƙafa ba."

"Na yarda, Yaya. A gyara komai."

Da sauri ta faɗa, har da murmushi, don a ganinta ta ci nasara. Aka kira bakaniken da ke jikin shagon. Ya ɗaga motar, ya girgiza ƙafafun, ya ce shokozoba, wato shoka masu tare girgiza, duk sun mutu tun tuni, saitin ƙafa kuma ya karkace. Aka canza, aka saita, aka ɗaura sababbin tayoyi baƙaƙe wuluk. Mai taya ya ce in za su bar masa tsofaffin zai yi musu ragi. Yaya ya dubi Auta. Ta ce me za ta yi da su, a gida ma sai tara sauro. Aka gangara da su bayan shago.

A hanyar komawa cikin gari suka bi, ga cunkoso, ba a yi gudu ba, Yaya kuma yana ta magana. Rabon da ya yi mata hira haka har ta manta. Ya ci abinci a tsaye, ya leƙa ɗakin Baba ya gaishe shi, Baba ya amsa da ladabi, Yaya ya kama hanya.

Da yamma ta sa wa Baba hula. Suka wuce shataletale, suka hau babban titi, ta ba ta wuta. Motar ta miƙe sumul, sitiyari ko motsi ba ya yi a hannunta. Tayoyin suna ƙara, ba a ce ba sa yi ba, amma wata ƙara ce siririya, madaidaiciya, ba hawa ba sauka, kuma iyakarta kunne. Kujera shiru. Ƙasan mota shiru.

Ta saci kallonsa. Yana zaune, hannuwa a kan gwiwa.

Ta ƙara gudu. Ta rage. Ta bar ta a giya ta uku da gangan, injin yana ihu, abin da a da ba zai bari ta yi ko na numfashi ɗaya ba. Bai ce uffan ba. Ta sauke gilashi duka biyun. Suka kai masana'antar siminti, ta wuce ba ta juya ba, ta yi ta tafiya har gidaje suka ƙare. Da ta gaji ta juyo, sai ya ce, a hankali, "Baiwar Allah, in ba damuwa, ina jin sanyi."

Washegari tun ba a gama buɗe shaguna ba tana ƙofar mai taya. Ta yi masa bayani, wannan karon duka, ba ta ɓoye komai ba. Mutumin ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

"Ai da kin faɗa min haka jiya," in ji shi. "Ni na ɗauka ƙarar tayar laka kike so. Waccan da kika saba ji ba ta kowace taya ba ce. Shoka ta mutu, ƙafa ta karkace, sai tayar ta riƙa cin gefe ɗaya, haƙori ɗaya dogo ɗaya gajere. Shi ke ba da wannan gurnanin. Shekaru ne suka sassaƙa ta haka."

"To a mayar min da tsofaffin."

Ya ce motar masu kwasar tsofaffin tayoyi ta zo jiya da la'asar, ta share bayan shagon tas.

Ya kwatanta mata wurin, can bayan unguwar masana'antu. Ta buga wa mai kanti waya ta ce ba ta da lafiya, ta tafi. Fili ne makeke, an tara tayoyi tsibi-tsibi sun fi gida tsawo, wani inji a tsakiya yana niƙa su yana zubar da gutsattsari. Mai gadi ya ce ta shiga ta duba, ba a hana kowa. Ta tambaye shi ina ake sauke na jiya. Ya ɗaga hannu ya nuna filin gaba ɗaya. Ta shiga duk da haka. Ta yi ta juya tayoyi, ruwan da ya kwanta a cikinsu yana zubo mata a ƙafa, har rana ta take, hannuwanta suka yi baƙi ƙirin. Ta ga masu kama da su da yawa. Nata dai ba ta gan su ba, kuma ko da ta gan su ba ta da tabbacin za ta gane.

Kada a ce ba ta yi ƙoƙari ba. Ta rage wa sababbin iska, ba abin da ya canza sai nauyin sitiyari. Ta samo wasu tsofaffin tayoyin laka guda biyu a wurin wani mai faci, aka ɗaura a baya. Waɗannan sun yi kuka kam, amma nasu daban, wani kaɗa-kaɗa mai sauri, Baba ya toshe kunnuwa da hannu biyu har sai da ta tsaya. Aka cire. Akwai wani bidiyo a wayarta da ta taɓa ɗauka yana ba da labarin injiniya, ana jin tsohon kukan a bayan muryarsa. Ta kunna masa a mota, ta ƙure sauti. Ya kalli mutumin da ke cikin wayar, ya ce wannan tsoho akwai surutu.

Har wurin bakanike ta koma ta ce ya karkatar da saitin kamar da, ya mayar da matattun shoka. Ya ce shokar an jefar, saiti kuma zai iya ɓatawa in ta dage, amma kafin sabuwar taya ta ci irin wancan cin sai an yi shekaru ana tafiya, kuma ba lalle ta ci iri ɗaya ba. Shekaru. Ta tsaya tana kallon bakinsa. Baba da ko cokali ya fara gagararsa riƙewa.

Yaya ya kira ya tambayi jikin Baba, sannan ya tambayi mota. Ta ce mota lafiya lau, ko girgiza ba ta yi. Ya ji muryarta, ya ce me ya faru. Ta gaya masa. Can ya ce, "Ni na ce a gyara." Ta ce, "Ni na ce a gyara komai, ni kuma na ce a bar tsofaffin tayoyin." Aka ajiye waya.

Ba ta daina fita da shi ba. Mai ɗinki ta ce ta huta haka nan, tana ƙona mai a banza, tsohon ma hawa motar wahala yake ba shi yanzu. Gaskiya ne, sai an ɗaga masa ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Auta ta ce to, kuma da yamma ta sake ɗauko hula. Ba wai tana sa rai ba ne. Ba ta dai san me za ta yi da wannan lokacin ba in ba haka ba.

Wata yamma, damina ta kusa ƙarewa, suna kan babban titi sai ta ga ya motsa. Ya gyara zama. Ya miƙa hannu ya shafa gaban motar, ya karkata kai yana saurare. Ba ta juya ba, ba ta canza gudu ba, ko numfashi mai ƙarfi ta ƙi yi.

"Kin iya tuƙi," in ji shi.

"Na gode."

"Ba kya wahalar da kuloci. Yaran yanzu ƙafarsu a kai take kwana." Ya juyo ya dube ta. "Wa ya koya miki?"

Titin ya fara yi mata hazo-hazo. Ta ƙifta ido da ƙarfi.

"Babana."

"Direba ne?"

"Direba ne."

"Na ga alama. Ga mota an kula da ita, ba kuka ba girgiza. Ni ma na taɓa riƙe irinta, amma tawa ba ta kai wannan lafiya ba." Ya jinjina kai, ya mayar da hannunsa kan gwiwa. "Yana nan da ransa?"

"Yana nan."

"Madalla. Ya yi sa'ar 'ya. In kin koma gida, baiwar Allah, ki gaishe min da shi."

"Zai ji," in ji Auta. Ta sa sigina, ta juya motar.